Ba Ni da Digiri, Abin Kuma Yana Ci Mini Rai: In Koma Makaranta?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Bauchi ne, shekarata 34. Na gama sakandare a 2009, a shekarar mahaifinmu ya rasu. Ni ne babba, sai na shiga koyon wayarin. Yanzu aikin sola nake yi, ina da shago da yara biyar a ƙarƙashina, ga iyali da 'ya'ya uku, Alhamdu lillahi ba na nema a wurin kowa. Ni na ɗauki nauyin ƙanena har ya gama digiri. Amma Malam, duk inda aka zauna aka fara 'wace jami'a ka yi', sai in ji na ƙanƙance. A zauren WhatsApp na 'yan ajinmu ba na cewa komai, don kada in rubuta Turanci a yi mini dariya. Kwanan baya na nemi aikin sa sola a wata ma'aikata, da aka ga ba ni da kwali sai aka ba wani, shi kuma ya zagayo ya ba ni aikin na yi masa. Ƙanen nan nawa ma ya fara ce mini 'Yaya, ba za ka gane ba'. Abokaina kuwa cewa suke boko yaudara ce, in riƙe kuɗina. Shin in koma in yi digiri, ko lokaci ya wuce?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa abin da ka yi wa ƙannenka a mizaninka. Na daɗe ina aikin ba ɗalibai shawara a wata babbar makaranta a nan Bauchi, na kuma zauna a kwamitocin ɗaukar ma'aikata, kuma irin tambayarka tana zuwa ofishina fiye da yadda kake zato. Masu kawo ta galibi magidanta ne. Sukan jira sai ɗalibai sun watse sannan su yi sallama, su fara da cewa wani ɗan'uwansu ne ya aiko su.

Idan na fahimce ka, ƙanena, ba yunwa ce ta sa ka rubuto ba. So kake ka sani ko kwalin digiri zai cire maka wannan ƙanƙancewar, ya kuma ba ka ayyukan da ake hana ka, har ya cancanci ka ba shi shekara huɗu ko biyar na rayuwarka. Lokaci bai wuce ba, wannan kam ka cire shi daga ranka. Amma kwali makulli ne, kowane makulli kuma da ƙofar da aka yanka shi dominta. Cikin ƙofofin da suka tsare ka akwai wadda digiri ke buɗewa, akwai wadda wata takarda daban mai sauƙin samu ke buɗewa, akwai kuma wadda babu takardar da ke taɓa ta. Kafin ka cire ko sisi, sai mun san wacce kake tsaye a bakinta.

Daga ina wannan nauyin ya fito

Abin da kake ji ba kai ka ƙirƙire shi ba, gadonsa muka yi. Tun kafin Bature ya zo, ƙasar Hausa tana jera sana'o'i hawa-hawa. Sarauta a sama, sai malanta da fatauci, sannan masu aikin hannu: maƙera, majema, marina, magina, wanzamai, mahauta. Gari ba ya kwana ɗaya babu su, amma idan zancen aure ya taso ko wurin zama a fada, akan tuna musu matsayinsu. Da boko ta shigo ba ta rushe wannan jeri ba, wuri ta samu kusa da sarauta ta zauna. Wanda ya yi midil ya zama malamin hakimi ko akawun En'e, yana inuwa da alƙalami, rigarsa ba ta ɓaci. Tun daga nan idon mutanenmu ya saba ganin mai zufa a ƙasa da mai biro, ko da kuwa mai zufan ne ke ciyar da shi.

Sai kuma zamanin da kwali ya yi tsada. Jami'ar Ahmadu Bello, ta farko a Arewa, a 1962 aka buɗe ta. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya shigo, wanda ya gama jami'a aiki ke jiransa, sau da yawa har da gida da bashin mota. Iyayenmu sun ga wannan da idonsu, da shi kuma suka yi wa 'ya'yansu huɗuba. A lokacin, tsohuwar jihar Bauchi, wadda ta haɗa da Gombe kafin a raba su a 1996, ba ta da jami'a ko ɗaya. Sai a 1980 aka kafa jami'ar fasaha ta tarayya, wadda ta koma Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) a 1988. Ta jihar Gombe ta zo a 2004, ta tarayya da ke Kashere a 2011, ta jiharmu da ke Gadau ita ma a daidai wannan lokacin. Ka lura da shekarun nan: sa'ad da kai ka ajiye littafi ka ɗauki filaya, a lokacin ne gurbin jami'a ya fara yawaita ga sa'o'inka. A zamanin mahaifinka rashin digiri halin kowa ne, ba wanda yake jin komai. A naka zamanin sai ka ga kamar kai kaɗai aka bari. Kujerun gwamnati kuwa ba su ƙaru yadda masu kwali suka ƙaru ba, tun daga tsuke bakin aljihun da aka fara a 1986. Shi ya sa yau kwali ya rage kawo abinci, amma bai rage kawo girma ba. Kai kuma abincin kana da shi.

Maganar abokanka

Ba zan bi su ba, amma ba zan raina su ba. "Boko yaudara ce" magana ce ta wanda aka yi wa alkawari aka saɓa. Yaron da yajin aikin malaman jami'a, wato ASUU, na 2020 ya cinye wa kusan wata tara, na 2022 ya ƙara cinye masa wata takwas, ya fito ya yi bautar ƙasa, yau yana jan Keke Napep daga Wunti zuwa Yelwa, idan ya faɗi haka ba zan yi masa faɗa ba. Sai dai ka duba masu faɗin nan idan Allah ya buɗa musu, wace makaranta suke kai 'ya'yansu? Ranar da haihuwa ta zo wa matar ɗayansu da gardama, likita yake nema ido rufe. Inbatar da kake ɗaurawa ma, wani ne ya zauna a aji ya koyi lissafinta kafin a ƙera ta.

Akwai misalin da ake yawan kawo mana a garin nan don a lallashi irinka, kuma gaskiya ne. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa bai yi karatun digiri ba. Kwalejin Katsina ya yi daga 1928 zuwa 1933, ya koyar a Midil ta Bauchi, a 1945 ya tafi Landan ya yi shekara guda ya samo takardar koyarwa. Malam Sa'adu Zungur ya shiga babbar kwalejin Yaba a 1934, ya baro ta bai kammala ba. Yau jami'o'i biyu a jihar nan sunayensu suke ɗauke da su. Kundin tsarin mulki na 1999 ma takardar sakandare ko makamanciyarta yake nema ga mai son zama gwamna ko shugaban ƙasa. To amma a yi adalci. Mutanen nan sun kai kusan ƙarshen karatun da zamaninsu ya ba ɗan Arewa dama, kuma masu littafi da alƙalami ne na gaske. Malam Sa'adu ya haɗa Larabci da Turanci, Tafawa Ɓalewa kuwa iya maganarsa ta sa ake masa laƙabi da mai muryar zinare. Abin da ya tsayar da su a gaban Turawa ba tare da jin kunya ba shi ne sun san abin da suke faɗa, sun kuma iya faɗarsa. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Inda kwali yake da iko

Akwai wuraren da babu wata dabara. Likita, lauya, mai haɗa magunguna, malamin jami'a, sai da kwali, kuma haka ya kamata. Aikin gwamnati ma a kan takarda aka gina shi: mai ƙaramar difloma yana shiga a mataki na 6, mai NCE a na 7, mai digiri a na 8. Mai babbar difloma ya daɗe yana kukan cewa ana tsayar da shi a mataki na 14, alhali mai digiri yana iya kaiwa na 17 a tarayya. Majalisar tarayya ta zartar da ƙudurin soke wannan bambanci a 2021, amma ba a sa masa hannu ya zama doka ba. Ka ga ko cikin masu takardar ma akwai wanda ake sa wa jin abin da kake ji.

Kai fa, idan ka fara yanzu, kana dab da 40 za ka gama. Wanda ya haura 30 kafin ya kammala ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Tallan aikin kwastan da shige da fice da makamantansu galibi suna yanke shekaru a wajen 30. Ko da ka dace ka samu aikin ofis, ka sami wani ma'aikaci mai mataki na 8 da kuka saba, ka tambaye shi abin da ke shigo masa a ƙarshen wata, ka gwada da ribar aikin gida ɗaya mai kyau. Idan don aikin gwamnati za ka koma, shawarata kada ka fara.

Aikin da aka hana ka

Nan ne nake so ka tsaya da kyau, don a nan kuɗinka yake zuba. Ina kyautata zaton ba digirin mutumin nan ne ya ci aikin ba, fayil ɗinsa ne. Ma'aikata ba mutum take ba kwangila ba, kamfani take ba. Abin da ake buɗewa a duba shi ne rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, shaidar biyan haraji ta shekara uku, asusun banki da sunan kamfanin, jerin ayyukan da aka taɓa yi da shaidarsu, sai takardun ƙwarewar ma'aikata. Idan aikin tarayya ne, a ƙara da takardun hukumar fansho ta PenCom, da asusun horar da ma'aikata na ITF, da asusun inshorar ma'aikata na NSITF. Babu inda aka ce mai kamfanin sai yana da digiri. Idan an ce sai da injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ɗaukarsa aiki ake yi a sa takardunsa a fayil, ya kuma sa ido a kan aikin da gaske. Ga yara nan sun fito daga ATBU da poli ta tarayya da ke Gwallameji da takardar lantarki suna yawo da ambulan. Ɗayansu zai yi murna ya zauna a shagonka, kai ka koya masa hawa kwano, shi ya riƙe maka zane da rubutu.

Kai kanka akwai takardun da suka dace da hannunka, waɗanda ba sa buƙatar ka rufe shago. Akwai gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, wanda masu aiki ke kira tiret-tes, hawa uku ne, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya. Akwai jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992 don masu fasaha da kasuwanci. Hukumar NEMSA tana gwada masu aikin wayarin ta ba su takardar ƙwarewa, wannan kuwa kai tsaye ta shafi sana'arka. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha ma tana da tsarin da ake auna abin da mutum ya riga ya iya a bakin aiki a ba shi shaida a kai. Ita kanta COREN ba injiniyoyi kaɗai take yi wa rajista ba, tana da rukunin masu aikin hannu. Ba zan ɓoye maka ba, a ƙasar nan sanayya tana cin kwangila fiye da takarda a lokuta da yawa, kuma wannan ciwon digiri ba ya maganinsa. Amma idan fayil ɗinka ya cika, ka toshe bakin mai neman dalilin ture ka.

Bari in ba ka labarin wanda ya sa mini sola a gida. Ya zo ya zauna a kan benci a tsakar gida, ya ce in lissafo masa fanka nawa, ƙwai nawa, firiji wane iri, ana jan ruwa da injin ko a'a. Ya yage bayan kwalin batir ya yi ta lissafi da guntun fensir. Ya ce mini batir mai bolt 12 da amfiya 200 a takarda yana riƙe wat 2,400 na awa guda, amma irin wannan na ruwa idan ina so ya yi ƙarko kada in sha fiye da rabinsa. Ya kira uwargida ya roƙe ta kada a jona dutsen guga. Na saurare shi kamar ɗalibi, kuma duk abin da ya faɗa haka ya kasance. Bayan wani lokaci wani abokin aikina ya nemi irin aikin a ofishinsu, na kira shi na ce ya rubuto farashi da bayanin kaya a takarda. Ya ce to. Shiru, shiru. Da na matsa masa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, rubutun ne matsalar." Aikin da ya fi ƙarfin mutum goma a garin nan bai gagare shi ba, shafi ɗaya na Turanci ya hana shi kuɗi.

Turancin nan

Ka sake karanta wasiƙarka. Ba ka ce kana jin kunya idan ana zancen lantarki ba, ba ka ce an taɓa ƙure ka a bakin aiki ba. Cewa ka yi kana tsoron rubuta Turanci. A abin da na gani, yawancin masu cewa rashin digiri ne ke damunsu, idan aka tona, harshen ne. Mun mai da Turanci ma'aunin hankali, har mutum ya yi magana mai ma'ana da Hausa a share, wani ya yi shirme da Turanci a tafa.

Kuma digiri ba ya lamunce maka shi. Na zauna a intabiyu inda muka ba masu digiri takarda da biro muka ce kowa ya rubuta wasiƙar rabin shafi yana neman hutun kwana uku. Wasu sun rubuta tsaf. Wasu kuwa, da kwalinsu mai kyau a gabanmu, sun kasa haɗa jimla uku da suka tsaya da ƙafafunsu. Na ji zafin abin, don daga hannun irinmu suka fito.

Wannan gyararsa ba ta kai shekara huɗu ba. Ka nemi malamin Turanci mai NCE a unguwarku, irin waɗanda albashi ba ya kai su ƙarshen wata, ku yi ciniki ya riƙa zuwa shago bayan la'asar sau biyu ko uku a mako. Kada ku ɗauki littafin 'yan firamare. Ku yi aiki da takardunka: yadda ake rubuta farashi, wasiƙar neman aiki, rasit, saƙon tunatar da wanda kake bi bashi. Ku ɗauki ɗan littafin da ke zuwa cikin kwalin inbata ku karanta shi layi-layi, tunda abin da ke ciki ka riga ka san shi da hannu. Ka ƙara da koyon ajiye lissafin shago a kwamfuta. Wanda ya dage a kan wannan shekara guda, shi da kansa zai ji bambanci. A zauren 'yan ajinku kuwa, ka rubuta Hausarka mai kyau. Harshen da aka buga jarida da shi tun 1939, BBC take watsa labarai da shi tun 1957, ake kuma zama farfesa a kansa, ba abin ɓoyewa ba ne. Za ka ga da yawansu sun biyo ka, don su ma da ƙyar suke haɗa Turancin.

Idan duk da haka zuciyarka tana so

To ka yi. Son karatu don kansa ba ya buƙatar a ba shi hujja, gemu kuma ba ya hana ilimi. An raba ka da aji ba da sonka ba, idan ka ce sai ka ƙarasa abin da mutuwa ta katse, ni mai goya maka baya ne.

Abin da galibi ake nema shi ne kiredit biyar har da Turanci da lissafi, a zama ɗaya ko biyu, kuma sakamakon WAEC ko NECO ba ya tsufa. Hanya mafi sauƙi ga mai shago ita ce jami'ar karatu daga gida, NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo, tana kuma da cibiya a nan Bauchi. Shi kansa Obasanjo bayan ya sauka daga mulki a can ya yi karatu har digirin digirgir. Akwai kuma hanyar poli: shekara biyu ƙaramar difloma, shekara ɗaya a bakin aiki, shekara biyu babbar difloma. Mai difloma ko NCE yana iya shiga jami'a a aji biyu kai tsaye ta hannun JAMB. Ka je poli ta tarayya da ta Tatari Ali da ƙafarka ka tambayi kwasa-kwasan da ake yi da yamma ko ƙarshen mako, kada ka tsaya ga ji-ta-ji-ta. Injiniyanci a jami'a kuwa shekara biyar ne na zaman aji da wokshop kullum. Kuɗin makaranta ba shi ne tsadarsa ba, tsadarsa ita ce shagon da za ka bar wa yara, da kwastomomin da za su kira sau biyu ba su same ka ba su koma wurin wani.

Da ni ne kai, ba lantarki zan karanta ba. Harkar kasuwanci ko akanta zan ɗauka, don abin da zai hana shagonka zama kamfani ba waya ba ce, lissafi ne da tsari da iya riƙe ma'aikata.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada kunya ta kai ka ga sayen kwali. Masu wannan harka irinka suke farauta, mai kuɗi a hannu da ciwo a zuci. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, a farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in ƙasashen Benin da Togo. Duk makarantar da za ka shiga, ka tabbatar hukumar jami'o'i ta NUC ko NBTE ta amince da ita, ta kuma amince da kwas ɗin kansa. Mai kwalin saye tsoronsa ya fi naka, don kai ba ka da abin da za a tona.

Na ga yadda abin yake ƙarewa ga mutane iri-iri. Wani ɗan kasuwa daga kasuwar Muda Lawal ya shigo karatun ƙarshen mako saboda gorin da aka yi masa wurin neman aure. Ya gama, ya sa kwalin a gilashi ya rataye a falo. Da muka haɗu a wani ɗaurin aure na yi masa murna, sai ya ce, "Malam, yanzu kuma cewa suke ai na wucin gadi ne, su mastas suke magana." Ya biya kuɗi da shekaru, masu gorin sun matsa gaba sun bar shi inda yake. Wata tela kuwa, uwar 'ya'ya, ta shigo ne don ta gaji da yaron shago yana cutarta a lissafi. Tana zaune a layin gaba da goyo, ta fi kowa tambaya. Ita ba ta taɓa yi mini zancen kwali ba, amma kafin ta gama ta buɗe shago na biyu. Wanda ya zo neman wani abu takamaimai yakan tafi da shi. Wanda ya zo don a daina raina shi, sau da yawa yakan koma da ciwonsa, don ya bar maganin a hannun mutanen da ba su da niyyar ba shi.

Ƙanenka

Wannan ce ta fi yi mini ciwo a wasiƙarka. Ina zaton ƙuruciya ce da zumuɗin sabon kwali, ba rashin tarbiyya ba, amma kada ka bar ta ta yi jijiya. Kada ka yi masa gori, gori yana ɓata lada yana kuma ɓata zumunci. Ka kira shi ku biyu, ba a gaban iyali ko yaran shago ba. Ka ce masa, "Na biya maka karatu ne don gidanmu ya samu mai ganewa. Idan ban gane ba, zauna ka ganar da ni." Wanda ya san abu da gaske yana iya bayyana shi da Hausa ga yayansa. Idan ya kasa, shi ma zai gane akwai sauran karatu a gabansa. Idan kuma bai samu aiki ba, ga fayil ɗin kamfani can yana jiran mai rubuta shi.

Mu masu kwali da muke karanta wannan ma da mu ake. Ya tabbata a hadisi cewa babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawud, amincin Allah ya tabbata a gare shi, daga aikin hannunsa yake ci. Muna karanta wannan a masallaci, mu fito mu tambayi mai neman auren 'yarmu takardarsa kafin mu tambayi halinsa.

Iyakar abin da zan iya gani

A makaranta nake cin abinci, don haka ka auna maganata da sanin cewa zuciyata tana karkata ga aji. Waɗanda nake gani kuma su ne waɗanda suka tako zuwa ofishina. Masu sana'ar da suka yi zamansu lafiya ba su taɓa jin suna da rashi ba, ba sa zuwa wurina. Daga wasiƙa ɗaya kuma ba zan iya auna ko shagonka zai jure rashinka na kwana biyu a mako ba. Wannan lissafin ku ne, kai da uwargida, don ita ce za ta ɗauki rabin nauyin idan ka fara raba dare kana karatu. Idan kuma wannan jin ya kai yana hana ka barci ko yana sa ka guje wa taron 'yan'uwa, ka samu babban da ka yarda da shi ko likita ku yi magana baki da baki.

A wannan makon ka nemo sakamakon sakandarenka ka duba Turanci da lissafi. Idan ɗaya bai kai kiredit ba, ka yi rajistar jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO, malamin da ka ɗauka ya shirya ka. Ka tambayi yaran shagonka biyar ko akwai wanda bai rubuta tasa ba, in akwai ku yi rajistar tare. Rajistar sunan kasuwanci a CAC kuwa ta intanet ake yinta, ƙanenka zai iya zama da kai ku cike ta a waya.